Zan sayi gida a Abuja: sai na ɗauki nawa dillalin, ko na mai gida ya wadatar?

Hajiya ta rubuto tana cewa saura mata 'yan watanni ta yi ritaya, ta sayar da wani filinta a gida ta haɗa da ɗan abin da ta tara, tana neman bangalo mai ɗaki uku a Kubwa ko Dawaki ko Lugbe. Wani ejen ya riga ya zagaya da ita gida biyu, ɗaya ya kwanta mata a rai, sai ƙanin mijinta ya ce kar ta kuskura ta biya sai ta ɗauki nata ejen daban wanda zai tsaya mata. Ita kuma tana ganin kamar kashe kuɗi biyu ne a kan abu ɗaya.

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sa a yi ritaya lafiya, ya sa gidan ya zama na alheri. Na daɗe a harkar gidaje da filaye a garin nan, kuma amsata ita ce ƙanin mijinki yana da gaskiya, amma rabin maganar ya faɗa miki. Ki nemi wanda zai tsaya miki, eh. Sai dai ɗaukar ejen kawai ba ya maganin komai in ba ki gyara yadda za ki biya shi ba, kuma ko kin samu ejen na kirki ba zai taɓa maye miki gurbin lauya ba. In kuɗinki mutum ɗaya kawai zai iya ɗauka, to lauya za ki ɗauka, wannan ba na ko tantama a kai.

Bari in fara da wannan bawan Allah da ya nuna miki gida biyun. Ba na cewa mugu ne, ban san shi ba, wataƙila ma mutumin kirki ne. Amma ki tambayi kanki waye ya ba shi gidan ya tallata? Mai gida ne, ko wani dillalin da mai gidan ya ba. To aikinsa shi ne gidan ya fita, ya fita da wuri, kuma da tsada. Abin da ke ƙona min rai a tsarinmu na nan shi ne, mai gida ne ya sa shi aiki amma mai saye ne ke biyan la'ada, galibi kashi 5 cikin 100 in sayarwa ce, in haya ce kashi 10. Wato ke ce za ki biya mutumin da ba ke yake wa aiki ba. Shi ya sa in an ce miki "ai ga ejen nan, me za ki yi da wani", ki sani ejen ɗin akwai shi kam, amma ba naki ba ne.

Sannan akwai abin da ba a faɗa wa mai saye, wato sarƙar dillalai. Da wuya ki ga gida a Abuja yana hannun mutum ɗaya. Mai gida ya ba yaronsa ko lauyansa, shi kuma ya tura hoton a guruf ɗin WhatsApp na dillalai, wani ya ɗauka ya tura wa wani, kafin ya iso wayarki ya bi ta hannu huɗu ko biyar kuma kowa da ɗan abin da ya ɗora. Misali mai gida miliyan 52 yake nema, na farko ya mai da shi 55, na biyu ya ce 58, wanda ya kai ki ya ce miki 60 ne amma zai roƙar miki a bar miki 58, ke kina ta godiya an rage miki miliyan 2 alhali an ɗora miki 6, kuma a kan wannan 58 ɗin za a sake lissafa miki kashi 5. Alamar da za ki gane akwai sarƙa ita ce in kin ce kina so ki zauna da mai gida ido da ido sai a fara kwana-kwana, yau ya yi tafiya Dubai, gobe ba ya son a dame shi, jibi wayarsa ba ta shiga. Babban amfanin naki dillalin, in na gaske ne, shi ne ya tsallake duk wannan ya kai ki ga wanda sunansa ke jikin takarda.

Wannan maganar ta "ejen ɗin mai saye" da ƙanin mijinki ya kawo, a Amurka ta fi ƙarfi. Can shekara da shekaru mai sayarwa ne ke biyan kamasho kashi 5 zuwa 6, a raba tsakanin ejen ɗinsa da na mai saye, har aka kai ƙungiyar dillalansu NAR kotu a kan tsarin yana sa kamasho ya ƙi sauka, a watan Maris 2024 ta yarda ta biya dala miliyan 418, kuma daga Agusta 2024 ya zama sai mai saye ya sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya da ejen ɗinsa, an faɗi nawa za a biya shi, kafin ya fara zagayawa da shi gidaje. Na kawo wannan ne dan ki ga ko a inda suke da lasisi da doka mai tsauri, rigimar dai a kan wa ke biyan wa take. Mu a nan kuwa duk wanda ke da waya da data zai iya wayar gari ya ce shi ejen ne. Masu rajista na gaske akwai su, su ne masu kimanta gidaje da filaye da hukumar ESVARBON ta yi wa rajista, 'yan ƙungiyar NIESV, waɗannan in sun cuce ki akwai inda za ki kai ƙara har a karɓe hatiminsu. Amma yawancin waɗanda za ki haɗu da su a bakin get ba sa cikin kowace rajista.

To yanzu maganar biya, wadda ita ce nake so ki riƙe da kyau. In kin ɗauki naki ejen kika ce masa kashi 5 na kuɗin gida, kin sake ɗaura shi a igiya ɗaya da na mai gidan. Ki duba lissafin, gidan miliyan 60 la'adarsa miliyan 3. In ya dage ya yi miki ciniki aka sauko 55, ke kin tsira da miliyan 5, shi kuma ya yi asarar dubu 250 daga aljihunsa. In kuma ya gano matsala ya ce miki Hajiya kar ki saya, ya tashi a tutar babu gaba ɗaya. Mutum nawa ne zai iya faɗin gaskiyar da za ta raba shi da miliyan 3? Akwai su wallahi, na san su, amma bai kamata ki jingina kuɗin ritayarki a kan sa'ar haɗuwa da irinsu ba. Abin da nake ba mutane shawara, kuma haka nake yi da masu zuwa wajena, a yanke kuɗin aiki tsayayye tun farko, kaza ne ko gidan ya yi tsada ko ya yi araha, a ba shi wani ɓangare kaɗan na zirga-zirga da mai, sauran sai ranar da aka gama aka miƙa makulli da takardu. In kina so ki ƙara masa ƙaimi sai ki ce duk abin da ya rage miki daga farashin da mai gida ya faɗa da bakinsa, yana da wani kaso a ciki. Kinga yanzu cinikin da zai yi miki shi ma ribarsa ce. Kuma a rubuta, ko a takarda ɗaya ce, da shaidu biyu, a sa a ciki cewa ba zai karɓi ko sisi daga ɓangaren mai gida ba, in kuma an ba shi zai faɗa miki. Ko a addini ai an umarce mu da kafa shaida in za mu yi ciniki, yana nan a ayar bashi ta cikin Baƙara, dillanci halal ne, abin da ya haramta shi ne ha'inci da cin baki biyu.

Me zai yi miki da ya cancanci kuɗin? Na farko ya san farashin unguwa na gaskiya, wato nawa aka sayar da na kusa da shi, ba nawa aka rubuta a talla ba, dan a Abuja tsakanin kuɗin talla da kuɗin sallama akwai tazara sosai. Na biyu ya san ƙasa. Akwai wata baiwar Allah da na raka duba gida a wani estet ta wajen Lokogoma, a watan Janairu ne, gida tsaf, sabon fenti, tayil na sheƙi, silin fi'ofi ko'ina, ta riga ta fara lissafin inda za ta sa kujeru. Ni kuma na zagaya baya na ga an yi wa katanga sabon fenti daga ƙasa zuwa kamar gwiwa kawai, sama kuma tsohon ne, na duba ta maƙwabci wadda ba a taɓa ba sai ga layin laka ya bi ta tsaf daidai wannan tsayin. Na fita na sayi ruwan leda wajen mai shagon bakin layi muka ɗan taɓa hira, na ce ya damina a nan? Ya ce Alhaji in aka yi ruwan Agusta sai mun ɗora firiza a kan benci. Shikenan magana ta ƙare. Ejen ɗin da ya kawo mu bai yi mana ƙarya ba, bai dai faɗa ba ne, kuma ba a tambaye shi ba. Yankin Lokogoma da wasu sassan Lugbe an san su da ambaliya, ba duka ba, layi-layi ne, shi ya sa ake buƙatar wanda ya san wane layin. In da hali ki ga gida da damina, in ba hali ki tambayi mai gadi da mai shago da 'yan ga-ruwa. In kin ga kurar 'yan ga-ruwa ta yi yawa a layi kin san famfo ba ya kawowa, sai ki sa kuɗin bohol a lissafi. Ki kuma gwada hanyar da ƙarfe bakwai na safe ranar Litinin, dan Kubwa ta ranar Lahadi da yamma daban take da ta ranar aiki.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne a kan takardu, kuma a nan ne mutanenmu suka fi kuka. Abuja ba kamar gida ba ce inda mai unguwa da dagaci za su sa hannu a ce ciniki ya faɗa. Tun dokar 1976 da ta kafa babban birnin, ƙasar nan duka ta Gwamnatin Tarayya ce, ga kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978, Ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon ba da fili, kuma abin da ake ba mutum izinin zama ne na shekaru, galibi 99 in gidan zama ne. Kotuna sun sha yanke hukunci cewa babu mallakar gargajiya a cikin Abuja. Ma'ana takardar sarki ko ta mai unguwa ba ta kare ki ranar da masu rusau suka zo suka shafa jan fenti. Takardun da ƙananan hukumomin nan shida suka rarraba a da, AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, su ma ba su zama cikakkiyar mallaka ba sai an tantance su an daidaita, an karɓi na mutane da yawa tun wajen 2006 kuma har yau wasu na jira. Sau da yawa za a miƙo miki wata 'yar takarda mai tambarin AGIS, wato ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, a ce ai ga shi an yi rajista, alhali shaidar karɓar fayil ce kawai, tana cewa mun karɓa, ba ta ce mun amince ba. A Kubwa da Lugbe da Dawaki irin wannan ta yi yawa, shi ya sa gida biyu a layi ɗaya za ki ga farashinsu ya sha bamban.

AGIS ɗin nan da aka kafa a 2003 zamanin El-Rufai yana minista, nan ne ake zuwa a binciki fayil, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar, ko wani ya shigar da ƙorafi a kai, da bashin harajin ƙasa na shekara-shekara. Wannan harajin kar ki raina shi, a watan Maris 2025 gwamnatin Abuja ƙarƙashin minista Wike ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda an shekara goma ko fiye ba a biya ba. In gidan na FHA ne, wato hukumar gidaje ta Gwamnatin Tarayya, irin na Gwarinpa da wasu sassan Kubwa da Lugbe, to a ofishin FHA fayil ɗinsa yake, can za a duba. In kuma a cikin estet ne na kamfani, yawanci babbar takarda ɗaya ce da sunan kamfanin, ke takardar rabo kawai za a ba ki, dan haka sai an binciki ita babbar takardar, a duba kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a ga ko tsarin ginin ya samu amincewar sashen kula da gine-gine, a kuma tambayi nawa ake biya na hidimar estet duk shekara. Kuma in wani ya ja ki Mararaba ko Masaka saboda araha, ki sani kin shiga Nasarawa, Madalla da Suleja kuma Neja ce, AGIS ba ta da labarinsu.

Wannan duk aikin lauya ne, kuma lauyanki, wanda ke kika nemo kika biya. Kar ki yarda da "ai lauyan mai gida zai rubuta mana gaba ɗaya a huta", kar kuma ki bar ejen, ko naki ne, ya je shi kaɗai ya kawo miki sakamakon bincike a hannu, dan ana buga na bogi. Lauya zai kuma bambance miki takardar wakilci da takardar miƙa mallaka. Mutane da yawa a garin nan suna tsayawa a takardar wakilci saboda ta fi sauƙin kuɗi, amma ita kaɗai ba ta mai da gida naki a idon doka, cikakkiyar mallaka sai da takardar miƙawa da amincewar Minista da rajista. In gidan gado ne kuwa, Hajiya ki ninka hattara, sai an ga takardar kotu ta rabon gado ko ta masu kula da dukiyar mamaci, kuma duk wanda ke da haƙƙi ya sa hannu. Na ga cinikin da babban wa ya karɓi kuɗi ya sallama, bayan wata takwas ƙannensa mata suka dawo da sammaci, mai sayen ya riga ya canza rufi ya sa iyalinsa a ciki. Rubutun nan da kike gani a jikin katangu da Turanci cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, irin wannan ce ta haife shi.

Akwai inda zan ce miki ba kya buƙatar ejen sam. In gidan da kike haya a ciki ne mai shi ya yi miki tayi, ko na wani abokin aiki ne da kika san shi kika san gidan, ko kai tsaye daga FHA ko ofishin kamfanin da ya gina za ki saya, to me ejen zai nemo miki? Kin riga kin samu gida kin samu mai shi. Nan lauya kike buƙata, da mai kimantawa ya faɗa miki darajar gidan a rubuce, da injiniya ko tsohon magini ya duba tsagewar bango da rufi da sokawe da wayarin. Amma ke da kike zaɓe tsakanin unguwa uku, ba ki san layukan ba, kuma kuɗin nan in ya tafi babu albashin da zai mayar da shi, ina ganin ki ɗauka.

Wajen zaɓensa kar ki duba yawan mabiyansa a Instagram. Ki tambayi abokan aikinki da suka sayi gida shekara uku ko huɗu da suka wuce kuma har yau suna zaune lafiya, wa ya tsaya musu? Ki je ofishinsa da ƙafarki. Ki ce ya ba ki labarin gidan da ya taɓa hana wani saya da dalilin, wanda bai taɓa hana kowa ba ban ga abin da zai tsare miki ba. Ki lura kuma in duk gidajen da yake kai ki nasa ne da aka ba shi ya sayar, to ya koma ɗan ɓangaren mai gida ke nan. Ɗan uwa ko ɗan ƙanin miji da "ya san gari" yana da daɗi, amma in abu ya lalace ba ki da bakin magana saboda zumunci, ni na fi son wanda za ki iya tuhuma ba kunya.

Sai haƙƙin wancan ejen na farkon. In a ƙarshe gidan da ya nuna miki kika saya, yana da la'adarsa, kar a zagaye shi a je wa mai gida ta bayan fage, wannan zalunci ne kuma yana jawo rigimar da ba ta da amfani. Ki kira shi tun yanzu ki ce masa kina da wakili da lauya, a zauna a fayyace nawa ne la'ada, wa zai biya, su nawa ne a ciki, kashi 5 ɗin nan ba aya ba ce, ana ciniki a kanta musamman in kuɗin gidan ya yi nauyi. Kinga ba lallai ya zama kashe kuɗi biyu ba, sau da yawa abin da aka rage daga can shi ke biyan naki.

Ranar biya kuma kar ki ɗauki kuɗi a jaka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya haura miliyan 5 hannu da hannu, sai ta banki. Ki tura asusun da ke ɗauke da sunan da ke jikin takardar gidan, ba na ejen ba, ba na ɗansa ba, ba na wani kamfanin da ba ki bincika ba, a rubuta a bayanin tiransifa cewa kuɗin gida ne mai lamba kaza. Za a matsa miki da cewa wani Alhaji na zuwa da kuɗi gobe, ki ajiye kafin alƙalami kar ya wuce ki. In za ki ajiye, ya zama kaɗan, a hannun lauya, da rubutun cewa za a mayar miki in bincike bai fita da kyau ba.

Dan haka satin nan ga abin da zan so ki yi, ki ce wa ejen ɗin ya turo miki kwafin takardun wannan gidan da ya kwanta miki, gaba da baya, da lambar fayil da cikakken sunan mai shi, ya kuma sa ranar da za ki gana da mai gidan ke da lauyanki. Mai gidan da ke son sayarwa da gaske ba ya ƙin wannan, dan shi ma ya san ba a yin binciken fayil sai da kwafin takardarsa. In an turo, ki miƙa wa lauya ya fara, ke kuma ki samu lokacin neman wanda zai tsaya miki a tsanake. In kuma kwana uku sun wuce ana ta ce miki mai gida ya yi tafiya, ki bar wannan ki sa a nuna miki wani, in kin samu takardun kuma kina iya turo min in faɗa miki wace iri ce kafin ki kashe kuɗin bincike.